Azurfar da ta yi baƙi ba jabu ba ce

Akwai wata magana da na gaji da ji a bakin masu sayen 'ya'yan sarƙa a kasuwar Dole ta Damagaram: wai azurfa ta gaske ba ta baƙi, in ta dishe to an cuce ki. Ban ga laifin masu faɗin haka ba, kowa ya san zinariya ba ta sake launi, sai aka ɗauka azurfa ma haka take.

To ba haka ba ne. Azurfa na haɗuwa da ɗan burbushin farar wuta da ke cikin iska da gumi, sai fatarta ta yi duhu. Halinta ke nan. Wadda ake buga wa lamba 925 kuwa, kashi 92.5 cikin ɗari ne azurfa, sauran yawanci jan ƙarfe ne, don zalla ta cika laushi. Akwai kuma farin ƙarfen da ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel da tutiya, yana ƙyalli sosai, alhali babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa.

Ɗauki ɗan sarƙa ɗaya da ya yi baƙi ki goge da tsumma mai laushi. Azurfa za ta dawo da farinta. Wanda aka shafa wa ruwan azurfa a sama kawai, bakin hudar da zare ke ci shi ke tona shi, sai ki ga ja ko ruwan ɗorawa ya leƙo. Maganaɗisu ba ya raba gardama, domin kamar yadda azurfa ba ta kama shi, tagulla ma ba ta kama shi. In sayayyar da yawa ce, kai wa maƙerin farfaru ya ɗan kankare ya gwada.