Kafin a sayar da kamfanin mota, a fara tambayar makomar masu ƙera ta

Raina ya ɓaci da wannan magana da ake ta yaɗawa tun da Nissan, kamfanin motar Japan, ta shiga halin da take ciki, wai gara a nemo mai kuɗi ya saye ta kowa ya huta. Kowa wa? Kamfanin ya tafka asarar sama da yen biliyan 670 a shekara guda, maganar haɗewa da Honda ta watse a Fabrairun 2025, a watan Mayu kuma aka sanar za a rage ma'aikata 20,000 a rufe masana'antu 7 cikin 17. Amma duk sharhin da ake yi a kan farashin hannun jari yake, da wa zai zama shugaba. Mutum dubu ashirin sun koma layi ɗaya a ƙasan labari.

Ni dai abin da nake cewa shi ne, duk mai sayen da bai sa hannu a takarda cewa zai riƙe ma'aikata na shekara kaza ba, tare da tarar da zai biya in ya saɓa, to ba aikin mutane ya zo ceta ba. Suna yake so, da zanen injin, da dillalan da ke sayar da motar. Alƙawarin baki a gaban 'yan jarida ba ya biyan kuɗin haya.

Ku dubi Rover a Ingila. A shekarar 2000 BMW ta sayar da shi ga wasu 'yan kasuwa huɗu a kan fam 10, fam goma kacal, har ta haɗa musu da ɗaruruwan miliyoyin fam don su tayar da shi. Aka yi ta murna an ceci masana'antarsa da ke Longbridge. Afrilun 2005 kamfanin ya durƙushe, ma'aikata kusan 6,000 suka rasa aiki. Da rahoton binciken gwamnati ya fito a 2009, sai ga shi manyan kamfanin su biyar sun kwashi kusan fam miliyan 42 na albashi da fansho. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Daga baya kamfanin Nanjing na ƙasar Sin ya sayi abin da ya rage, aka kwance injinan da mutane suka shekara suna aiki a kansu, aka loda a kwantena aka tsallaka teku da su. Yau motar MG, wadda a da kamfanin Rover ke ƙerawa, tana yawo a titunan Ingila, amma a Sin ake ƙera ta.

Ka tsaya ka yi tunanin mutumin da ya haura hamsin, wanda tun yana saurayi aikinsa ɗaura ƙofar mota a layin harhaɗawa. Hannunsa ya san nauyin kowace ƙofa, kunnensa yana gane wadda ba ta zauna daidai ba tun daga ƙarar rufewarta. Ranar da aka miƙa masa takardar sallama, wa zai ɗauke shi? A ce masa ya je ya koyi kwamfuta? Kuma ba shi kaɗai abin yake ci ba. Bayansa akwai masu yin kujeru, masu gilashi, masu wayoyin lantarki, direbobin tirela masu dakon motocin, da mai abincin da ke bakin ƙofar masana'anta. Waɗannan ba sa shiga lissafin da ake karantawa a labarai.

Saab, kamfanin motar Suwidin, ma haka. General Motors ta sayar da shi a 2010 ga Spyker, ɗan ƙaramin kamfanin ƙasar Holan da ko mota 100 ba ya yi a shekara. Kowa ya ga kayan sun fi ƙarfin mai ɗauka, amma aka yi shiru saboda an ce ceto ne. A 2011 masu kawo kayan haɗi suka daina kawowa don ba a biya su, albashi ya riƙa makara, a Disamba kamfanin ya faɗi. Sama da mutum 3,000 a garin Trollhättan na Suwidin suka shiga sabuwar shekara ba aiki.

Na san za a zo min da Volvo da Geely ta ƙasar Sin ta saya a 2010, da Jaguar Land Rover da Tata ta Indiya ta saya a 2008. Na ji. Waɗannan masu sayen suna buƙatar injiniyoyin da masana'antun ne, kuma sun zuba kuɗinsu. Sa'a aka yi, kuma ba a jingina abincin dubban gidaje da sa'a. Masu cewa in ba a sayar ba ai mutuwa zai yi, su ma ban yi jayayya da su ba. Ban ce kar a sayar ba. Cewa na yi a rubuta. Gwamnatin da za ta ba da bashi ko sassaucin haraji ta gindaya sharaɗi, ƙungiyar ƙwadago ta zauna a teburin tun ranar farko, a killace kuɗin fansho inda mai saye ba zai iya taɓa shi ba. Kuma wa'adin ya zama mai tsawo, don mun ga Vauxhall na Ingila: an sayar wa PSA, kamfanin Faransa mai Peugeot, a 2017, a 2025 masana'antarsa da ke Luton ta rufe da ayyuka kusan 1,100.

Wallahi abin yana ci min rai, don waɗannan mutane ba su ne suka yanke shawarar ƙera motar da kasuwa ba ta so ba. Na sama suka yi kuskure, na ƙasa ake kora.

Ga wata kuma da ba a cika magana a kanta ba. Motar lantarki ba ta da salansa, ba ta da fulogi, ba a yi mata juyen mai, giyarta ma ba ta kai ta mai fetur sarƙaƙiya ba. Ƙananan kamfanonin da rayuwarsu ke kan ƙera waɗannan kaya, ko an sayar da Nissan ko ba a sayar ba, su wa ke maganarsu?