A haɗa tallafin iyali da asibitin yara

Ma'aikaciyar lafiya na iya auna jariri, ta ga nauyinsa bai kai yadda ake so ba, ta shawarci uwa da ta ƙara masa abinci mai gina jiki. Amma idan gidan babu abin saye, shawarar ba za ta wuce bakin ƙofar asibiti ba. Shi ya sa nake ganin kuskure ne hukumar lafiya da hukumar da ke raba tallafin kuɗi su riƙa aiki kowace ita kaɗai, alhali yaro ɗaya suke yi wa hidima.

Kwanaki 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2, su ne lokacin da jiki da ƙwaƙwalwa suka fi ginuwa, kuma tsumburewar da ta kama yaro a wannan tsakani da wuya a gyara ta daga baya. A wannan lokacin ne kuma uwa ta fi zuwa asibiti, domin awon ciki da haihuwa da rigakafi. Tunda tana zuwa, me zai hana a yi mata rajistar tallafi a nan, maimakon a tura ta wani ofishi da goyo a baya ta sake bin layi?

An riga an gwada haɗa biyun. Meziko ta fara shirin Progresa a 1997, inda aka riƙa ba iyaye mata kuɗi bisa sharaɗin kai yara asibiti da makaranta. Brazil ta biyo da Bolsa Família a 2003, kuma binciken da mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa a 2013 ya danganta shirin da raguwar mace-macen yara 'yan ƙasa da shekara 5, musamman waɗanda gudawa da ƙarancin abinci ke haddasawa.

Inda nake da damuwa shi ne sharaɗin. Uwar da ta fi kowa buƙatar tallafi ita ce sau da yawa ta fi nisa da asibiti, ko kuɗin mota ya gagare ta, ko ta je ta tarar babu allurar. Yanke mata kuɗi saboda ta tsallake ranar rigakafi hukunta yaron ne a kan laifin da ba nasa ba. Idan aka ga ba ta zo ba, ma'aikaciyar lafiya ya kamata a tura gidanta ta ji dalili, kuɗin kuma ya ci gaba da isa hannunta.