Tikiti daban, kujera daban

Akwai kuskuren da yawancinmu muke yi idan muka tashi hawa jirgin ƙasa a ƙasashen waje, wato mu ɗauka cewa duk wanda ya yanki tikiti ya mallaki kujera. Ni ma na taɓa yin sa, kuma ƙafafuna ne suka biya. A wata tafiya da na yi a Turai da yammacin wata Juma'a, na shiga tarago da tikitina a waya, na ga kujera babu kowa kusa da taga, na ɗora jakata a sama na zauna. Muna isa tasha ta gaba sai ga wata dattijuwa ta tsaya a kaina. Ba ta ce uffan ba, illa ta nuna mini wani ɗan allo mai haske a saman kujerar, ɗauke da sunayen garuruwa biyu. Ashe daga wannan tashar har ƙarshen tafiya kujerar tata ce, ta kama ta tun kafin ranar. Na tashi ina ba ta haƙuri, na ƙarasa kusan awa uku a tsaye tsakanin akwatunan mutane da ƙofar bayi. Babu wanda ya zalunce ni, domin tikitina izinin shiga jirgi kawai ya ba ni, ni ne ban karanta ba.

Abin da yake rikita baƙo shi ne kowace ƙasa da tsarinta, ko da kuwa suna maƙwabtaka. A Jamus, mai tikitin jirginsu mai gudu da ake kira ICE, a tafiyar cikin gida, yana iya shiga ko bai kama kujera ba. Idan yana son tabbacin wurin zama sai ya ƙara 'yan yuro kaɗan a ba shi lambar tarago da ta kujera. Da ya tsallaka Faransa labari ya canza, domin jirginsu mai gudu, TGV, wanda ya fara aiki tsakanin Paris da Lyon a 1981, ana sayar da tikitinsa ne haɗe da kujera, kuma idan kujeru suka ƙare sai dai mutum ya jira wani jirgin. Haka jiragen gudun Italiya da na Sifaniya suke. A Siwizalan kuwa mutanen ƙasar ba su cika damuwa da kama kujera ba, saboda jirage suna tashi a kai a kai, wanda ya rasa wannan ya hau na bayansa.

Ko masu sayen katin Eurail ko Interrail, da ake yawo da shi ƙasashe da dama, sukan faɗa wannan ramin. Katin yana biyan kuɗin tafiya, amma a jiragen gudun Faransa da Italiya da Sifaniya sai an sake biyan kuɗin kujera daban, kuma a jirgin Eurostar da ke bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Landan da Paris an ƙayyade kujerun da ake ware wa masu katin. Mutum yana riƙe da katin da ya kashe maƙudan kuɗi a kansa, a ce masa babu wuri sai jibi.

Inda nake saɓa wa masu ba da shawara shi ne wannan magana da ake yawan maimaitawa, cewa a sayi tikiti da wuri a huta. Gaskiya ne farashi yana hawa yayin da ranar tafiya take matsowa, kuma tikitin da Ingila take kira Advance ko Jamus take kira Sparpreis yana iya zama ƙasa da rabin kuɗin na ranar tafiya. Sai dai ba a cika gaya wa mutum abin da ya bayar a madadin wannan rangwame ba. Tikitin arahar a ɗaure yake da jirgi ɗaya da lokaci ɗaya. Idan laifin makara daga kamfanin jirgin ƙasa ne, akwai kariya: dokar Tarayyar Turai ta tanadi a mayar wa fasinja kashi 25 cikin ɗari na kuɗinsa idan jinkiri ya kai awa ɗaya, da kashi 50 idan ya kai awa biyu. Amma idan jirgin sama ne ya sauke ka a makare, ko layin jami'an shige da fice ya riƙe ka, ko akwatinka ya ƙi fitowa, babu ruwan kamfanin jirgin ƙasa. Tikitin ya mutu, kuma za ka sayi sabo a farashin ranar, wanda shi ne mafi tsada. Araha ba ta ado, musamman ga baƙon da ba shi da iko a kan lokacin saukarsa.

Saboda haka a ganina ya kamata a raba abu biyu da ake cuɗa su. Kama kujera kusan kullum riba ne, ballantana ga mai tafiya da iyali ko dattijai ko manyan kaya, domin kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da wahalar raba uwa da 'ya'yanta a taragu daban-daban. Ɗaure kai da jirgi guda tun watanni kafin tafiya kuwa lissafi ne da sai an auna. Idan tafiyar ta tsakiyar zama ce, ka kwana a garin, tasha na kusa, to saya da wuri. Idan kuwa ranar saukarka ce daga jirgin sama, ko dai ka bar ratar awa uku zuwa huɗu, ko ka daure ka biya tikitin da ake iya canzawa.

Tsarin Japan ne ya fi kwanta mini a rai. Jirgin Shinkansen, da ya fara zirga-zirga tsakanin Tokyo da Osaka a 1964, yawanci yana da taragun da aka kama kujerunsu da kuma waɗanda aka bar wa duk wanda ya riga zuwa, don haka mai tsari da mai gaggawa kowa yana da wurinsa. Duk da haka, tun 2020 wanda akwatinsa ya wuce santimita 160 idan aka haɗa tsawo da faɗi da kauri dole ne ya kama kujera mai wurin ajiye kaya a wannan layin. A Indiya kuma ana iya sayar maka da tikiti kana cikin jerin masu jiran wani ya fasa, kuma tun Nuwamba 2024 ba a buɗe sayarwa sai saura kwana 60, maimakon 120 na da.

Masu zuwa Umara su ne na fi tausaya wa a wannan batu. Jirgin Haramain, da aka buɗe a 2018, yana haɗa Makka da Madina ta Jidda, tafiyar kilomita 450 cikin awa biyu da 'yan kai, kuma kowane tikiti da lambar kujerarsa da lokacinsa. A watan azumi kujerun sukan ƙare da wuri, saboda haka dole a yanka kafin ranar. Amma wanda ya sa lokacin jirginsa dab da ɗawafin bankwana ya manta cewa cunkoson Harami ba ya bin agogon kowa, kuma daga masallaci zuwa tasha ma tafiya ce.

Yanzu idan na sayi tikiti, abin da nake fara nema shi ne lambobi biyu, ta tarago da ta kujera; idan babu su, na san tsayuwa tana iya jirana. A tasha kuma nakan duba allon da ke nuna inda kowane tarago zai tsaya, domin a Faransa akan haɗa jiragen TGV biyu su zama ɗaya, kuma babu ƙofar wucewa daga wannan zuwa wancan bayan jirgi ya tashi.