Ranar da na juya wa Makka baya a Gwanzu

Shekara 11 ina tsaron shago a Kantin Kwari, kusan duk dilar atamfar da na kwance daga Caina ta zo, amma ni iyakacina Legas, sai sau ɗaya da na leƙa Kwatano. Da ciwon ƙafa ya matsa wa maigidana, sai ya ce bana ni zan je birnin Gwanzu na Caina in zaɓo kaya. Na ce, "To, Alhaji," kamar wanda aka aika Sabon Gari, alhali cikina ya ɗuri ruwa.

Uwargida ta ji labarin abin da ake ci a can daga bakin matan unguwa, da ƙarin gishirinsu, don haka ta shirya ni kamar mai tafiya yaƙi: kilishi ƙunshi uku, dambun nama cikin roba, ƙuli-ƙuli, garin kwaki, da yajin da ta daka da hannunta.

Bayan azahar muka tashi daga Kano, da dare muka sauka Adis Ababa don canjin jirgi. Ba wanda ya gaya min garin yana bisa tsauni ne, sama da mita 2,300, ni kuwa na sha shadda mai shara-shara saboda a san daga Kano nake. Haƙorana suka yi ta kaɗawa. Wani Bahabashe da muka zauna tare ya ce wata 13 ne a shekararsu, kuma kalandarsu tana bayan ta Bature da shekara bakwai zuwa takwas. Na lissafa da yatsu, na ga a ƙasar nan ban ma ci bashin da nake biya ba tukuna. Har na ji kamar in zauna.

Jirgi na biyu ya fi awa goma a sama. Caina tana gaban Najeriya da awa bakwai, to tun abincin dare bai faɗa ba na ga rana ta fito ta taga. Agogon hannuna yana faɗin nasa, cikina yana faɗin nasa, ƙafafuna kuwa sun kumbura har na fara tausayin Alhaji.

Wajen ɗaukar kaya ne aka fara yi min. Wani ɗan ƙaramin kare mai kunnuwa a zube, sanye da rigar aiki, ya bi jakunkunan mutane ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan tawa ya zauna daram. Na ce, "Kai, tafi can!" Ashe ba ya jin Hausa. Jami'in da ke riƙe da shi ya zuge jakar, ya ɗago kilishi a haske yana juyawa kamar ya tsinci fatar takalmi. Ya tambaya da Turanci ko nama ne. Na so in ce magani ne, sai karen ya kalle ni. Dokarsu ta hana shiga da nama, ɗanye ko busasshe, don haka kilishi da dambu suka tafi ina ji ina gani. Yajin kuwa ya buɗe ya shinshina, ya yi atishawa uku a jere, ya miƙo min abina da hannu bibbiyu.

Na ciro waya in sanar da gida, WhatsApp ya yi shiru. Facebook haka, Google haka. Duk a toshe suke a ƙasar, kowa WeChat yake yi. Allah Ya sa Alhaji ya ba ni takarda mai adireshin masauki da rubutunsu, na miƙa wa ɗan tasi. Shi ya yi wa wayarsa magana, ita ta faɗa min da Turanci, ni kuma in gyaɗa kai ko ban gane ba. Gada kan gada muka yi ta bi, benaye kuwa sai da hulata ta faɗi wajen ƙirga hawa. Ina sauka wani babur ya kusa kwashe ni, ko ƙararsa ban ji ba. Tun 2007 aka hana babur mai shan fetur a cikin birnin, sai na lantarki, masu tafiya kamar aljanu.

Unguwar Shiyawbe nan ne matattarar baƙaƙen fata. A nan na ga shagon abinci na Sinawa masu fararen huluna, na yi sallama, suka amsa cikakkiya, har na ji ƙwalla. Wani saurayi ya ja curin fulawa da hannu, ya ninka, ya sake ja, kafin ka ce kwabo ya zama taliya. Aka kawo min ita cikin romon naman sa, da tsinke biyu. Na yi ta kokawa, in kamo ta nan ta sulluɓe ta can, rigata ta sha romo fiye da ni. Wata tsohuwa ta gaji da kallo ta kawo min cokali mai yatsu. Na nemi ruwa, ga gumi ina yi, aka kawo min ruwan zafi a kofi, wai shi ne lafiya. Na zaro jar takardar yuwan 100 zan biya, mai shagon ya nuna min wani zane mai kama da hatimi a bango, wanda kowa ke haskawa da waya. Sai da ya shiga maƙwabta neman canji.

A ɗaki na tuna sallolin da ake bi na. Na leƙa taga, na ga inda jan rana ya rage, na ba shi baya kamar yadda na saba tun ina makarantar allo, na fuskanci gabas. Na jero azahar, la'asar, magariba da isha'i, na kwanta ina yaba wa kaina. Da asuba ma haka.

Ina zaune kan sallaya da hantsi sai ga wani ɗan Maraɗi da Alhaji ya haɗa ni da shi, ya zo raka ni kasuwa. Ya dubi sallayar, ya dube ni.

"Malam, nan ka kalla?"

"Gabas mana."

"Ai ka wuto Makka tun jiya a jirgi. Tana bayanka. Nan yamma ake kallo."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce ran Juma'a zai kai ni tsohon masallacin Huwaisheng, da kabarin da ake cewa na Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne, in ga mutanen da suka fi shekara dubu suna kallon yamma. Na juya sallayata na sake salla biyar, shi yana zaune yana cinye min ƙuli-ƙuli.

Da wayarsa na samu gida. Ƙarfe uku na dare ne a Kano, amma bugu ɗaya uwargida ta ɗauka.

"Maigida! Tun jiya ba mu runtsa ba. Ka sauka lafiya? Kilishin fa, ya yi daɗi?"

Na ce, "Wanda ya karɓa dai bai yi ƙorafi ba."