Jirgin da zai kwana a laka, gindinsa ake dubawa

Ranar da na aika wa kawuna a Sakkwato hoton jirginmu na ruwa zaune daram a kan laka, ba ɗigon ruwa kewaye da shi, sai ya bugo waya yana salati. "Kai ɗan nan, wa ya cuce ka? An sai maka jirgi an hana ka gulbi?" Na ce, "Kawu, a yi haƙuri awa shida, gulbin zai dawo da ƙafarsa."

A Maldon nake, wani gari a yankin Essex na Ingila, bakin kogin Blackwater. Mu uku muka yi karo-karo don sayen ɗan jirgi mai inji da ɗaki. Wurin ɗaure jirgi inda ruwa ba ya ƙafewa tsadarsa ta fi ƙarfinmu, sai muka kama na masu ƙaramin ƙarfi, inda teku ke janyewa ta bar jirgi a ƙasa. A gida mun san Gulbin Rima na ja da baya sau ɗaya a shekara, rani ya yi a shiga fadama a dasa albasa. Nan sau biyu ruwa ke janyewa ya dawo kullum, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, kuma lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50 kowace rana.

Wata ne ke jan ragamar. Mu da muka tashi muna jiran sanarwar ganin wata daga fadar Sarkin Musulmi, lissafin bai yi mini wuya ba. Kwana ɗaya ko biyu bayan haihuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa kan cika maƙil ya kuma janye da nisa. Wajen bakwai ko takwas ga wata kuwa cikar rarrauna ce, wanda ya ɗaure can sama sai jirginsa ya yi kwanaki bai ɗaga ba.

A ganina duk mai neman jirgi don irin wannan wuri, kada ya leƙa ɗakin sai ya durƙusa ya ga gindin. Mu kanmu saura ƙiris mu faɗa. Wani fari tas muka gani, da kujeru masu laushi da ɗan murhu, abokina har ya fara zancen shayi. Amma cikinsa mai tsini ne, an yi shi don keta igiyar ruwa da gudu. Irinsa idan ruwa ya gudu sai ya kishingiɗa gefe guda, kwanuka su zube, kuma in ƙasar mai tauri ce, kafin ya gama tashi raƙuman ruwa sun yi ta buga shi da ƙasa kamar ana sussuka. Laka mai laushi ta fi rangwame, gindin kan nutse ya yi wa kansa gurbi.

Wanda muka saya ba shi da kyan gani. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne da 'yan ƙafafu biyu dama da hagu, yana zama a miƙe. Injinsa na ratayawa ne a baya, irin na masu fito a Goronyo, ana gama tafiya a ɗaga shi farfela ta bar laka. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Injin da ke cikin jirgi farfelarsa da sitiyarin ruwa a ƙasa suke, in ba a yi musu kariya ba nauyin jirgin ya sauka kansu. Ga kuma ƙofar da inji ke zuƙar ruwan sanyaya kansa, laka ta toshe ta, inji ya ɗau zafi kana tsakiyar kogi.

Abin da ya ba ni dariya, duk wannan ilimin da ake rubuta wa littattafai, Sarkawanmu masunta sun daɗe da shi a hannu. Kwale-kwalen Kwalkwalawa, kusa da Sakkwato, gindinsa a baje yake don ya bi ruwa marar zurfi, a ja shi kan rairayi ya kwana lafiya. Shi ya yi ta fito da 'yan Jami'ar Ɗanfodiyo lokacin da ambaliyar 2010 ta cinye hanyar. Inda aka fi mu a nan lissafi ne. Ba mai kwance igiya bai duba jadawalin ruwa ba, yawan mutane a ƙayyade, kowa da rigar kariya. A gida ranar kasuwa mutum da babur da buhun hatsi da akuya duk jirgi ɗaya, kuma kusan kowace damina sai mun ji an yi jana'iza.

Jirgin namu awa biyu kafin cika da biyu bayanta kaɗai yake iya fita ko shigowa. Ranar da muka makara da rabin awa, a laka muka yi la'asar da magariba cikin ɗan ɗakin nan, tsuntsaye na kiwo kewaye da mu. Da na ba kawu labari sai ya ce, "To ka ga amfanin ɗakin. Kun dai tafi da guzuri ko?" Gari da ƙuli-ƙuli kaɗai ke jakata.