Kafin ka buɗe kwalbar furotin: nasiha ga 'yan'uwana matasa

Assalamu alaikum, 'yan'uwana matasa maza da mata.

Kwanan baya na tarar da wani ƙanena ya gama ɗaga ƙarfe, gumi na zuba a goshinsa, ya zaro wata kwalba daga jakarsa ya kwankwaɗe ta tas, sannan ya dube ni ya ce, “Yaya, sai da wannan ƙwanji yake fitowa.” Na karɓi kwalbar na juya bayanta, na tambaye shi ko ya taɓa karanta ƙananan rubutun da ke wurin. Ya ce bai taɓa ba, shi dai babbar lambar da ke gaba yake kallo, wadda ke nuna giram nawa na furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, ke ciki. Wannan ne ya sa na ga ya dace in rubuta wannan nasiha, domin na san ba shi kaɗai ba ne.

Abin da ya kamata mu fara sani shi ne, waɗanda ke sayar mana da waɗannan kwalabe su ne dai manyan kamfanonin lemon da muka sani tun muna yara. A shekarar 2019 kamfanin PepsiCo ya sayi kamfanin da ke yin abin shan furotin mai suna Muscle Milk daga hannun kamfanin Hormel a kan dala miliyan 465. A farkon 2020 kuma Coca-Cola ya kammala mallakar Fairlife, wanda ke tace madara ta yadda furotin zai ƙaru sukari ya ragu, kuma shi ne mai abin shan furotin na Core Power, wanda kwalba ɗaya ke ɗauke da giram 26, babbar ajinsa kuma giram 42. Zuwa 2022 cinikin Fairlife ya haura dala biliyan 1 a shekara. Ko Starbucks, da aka sani da sayar da kofi, a 2025 ya fara zuba furotin a cikin abin shan da yake sayarwa a Amurka da Kanada.

Ruwa ba ya tsami banza. Shekara da shekaru mutane a Amurka da Turai suna ja da baya daga lemon da aka cika da sukari, gwamnatoci kuma suka shiga sanya masa haraji, kamar yadda Meziko ta yi a 2014 da Birtaniya a 2018. Sai kuma ga allurar rage ƙiba irin su Ozempic da Wegovy, waɗanda ke rage wa mutum sha'awar ci da sha, kuma likitoci kan shawarci masu amfani da su da su kula da furotin don kada tsokarsu ta zube tare da kitsen. Ɗan kasuwar da ya ga hajarsa ta fara kwantai dole ya nemi wata, kuma ban ga laifinsa a kan haka ba. Abin da nake so mu gane shi ne, yawaitar waɗannan kwalabe a gabanmu ta samo asali ne daga sauyin kasuwarsu. Babu wani sabon rashi da aka gano a jikin matashi mai lafiya da ya wajabta masa shan su kullum.

To, nawa ne jiki ke buƙata? Ma'aunin da masana abinci suka daɗe a kansa shi ne kimanin giram 0.8 na furotin ga kowane kilo ɗaya na nauyin baligi a rana. Ke nan mai nauyin kilo 70 yana buƙatar kusan giram 56. Wanda ke horo mai tsanani da gaske buƙatarsa takan kai giram 1.2 zuwa 2 ga kowane kilo, kuma bincike ya nuna cewa idan aka wuce wajen giram 1.6, ƙarin da tsoka ke samu ba ya taka kara ya karya. Yanzu ka auna wannan da abincin yau da kullum: ƙwai ɗaya na da kusan giram 6, kofin madara kusan giram 8, kofin dafaffen wake kusan giram 15, giram 100 na dafaffen ƙirjin kaza kuma kusan giram 31. Wanda ya ci ƙwai biyu da safe, ya sha madara, ya ci wake da rana, ya samu nama ko kifi da dare, ya riga ya wuce giram 56 ba tare da ya buɗe ko kwalba ɗaya ba, balle a haɗa da furotin ɗin da ke cikin hatsin da ya ci.

A nan ne nake so ƙannena masu ɗaga ƙarfe su saurare ni da kyau. Tsoka tana girma ne idan an wahalar da ita da aiki, sannan aka ba ta abinci da barci ta gyara kanta. Furotin tubali ne, tubali kuma ba ya gina ɗaki da kansa. Abin da ya wuce buƙata jiki ba ya ajiye shi a damtse. Yakan ƙona shi ya samu kuzari ko ya mayar da shi kitse, ragowar kuma hanta ta sarrafa, ƙoda ta fitar ta fitsari. Kowane giram na furotin yana da kalori 4 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki), daidai da na sukari, don haka wanda ke shan kwalba biyu a rana yana kwance yana danna waya bai gina komai ba sai tumbi, ga kuɗinsa sun tafi.

Sannan ku riƙa juya kwalbar. Kalmar furotin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba tana sa mutum ya saki jiki ya ɗauka duk abin da ke ciki alheri ne, alhali wasu daga cikinsu na ɗauke da sukari mai yawa, wasu kuma an cire sukarin an maye gurbinsa da kayan zaƙi na roba da sinadaran kauri da na ƙamshi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin da mutum ke ci a rana, wato kusan giram 50 ga baligi, kuma in an tsaya a rabin haka ya fi. Ka duba layin sukari, ka duba ko lissafin na kwalbar gaba ɗaya ne ko na rabinta, ka kuma karanta jerin kayan haɗin, domin abin da aka fara ambata shi ne ya fi yawa a ciki.

Akwai kuma batun tsabtar kayan, wanda ya fi tayar mini da hankali. A watan Oktoba na 2025 ƙungiyar kare masu sayayya ta Consumer Reports a Amurka ta gwada nau'o'in furotin na gari da na ruwa guda 23, ta samu cewa fiye da kashi biyu cikin uku na ɗauke da gubar dalma fiye da abin da masananta ke ganin ya dace mutum ya sha a rana, kuma waɗanda aka yi daga tsirrai ne suka fi yawanta. Dalma taruwa take yi a jiki sannu a hankali, shi ya sa haɗarin ya fi kan wanda ya mayar da abin ɗabi'ar kullum. Idan a ƙasar da ke da dakunan gwaji haka abin yake, ina ga garin da ake saye ta intanet a cikin leda, babu sunan kamfani babu ranar lalacewa?

Ba ina cewa abin ba shi da amfani ba ne. Tsohon da haƙoransa suka zube, ko majinyacin da aka yi wa tiyata ba ya iya cin abinci sosai, ko ɗan wasan da ke horo sau biyu a rana, duk kwalbar furotin na iya taimakonsu matuƙa, musamman in likita ko masanin abinci ne ya tsara musu. Amma mai ciwon ƙoda sau da yawa rage furotin ake umartarsa da yi, kuma ciwon ƙoda kan daɗe a jiki bai nuna alama ba, musamman ga masu ciwon sukari da hawan jini. Duk wanda ke da ɗaya daga cikin waɗannan, don Allah kada ya bi shawarar mai talla a TikTok ko Instagram, wanda sau da yawa biyansa aka yi ya riƙe kwalbar a gaban kyamara. Ya je a gwada masa ƙodarsa tukuna.

Shi kuwa ƙanen nawa, na roƙe shi ya ɗauki takarda ya rubuta duk abin da ya ci na kwana uku, muka zauna tare muka lissafa. Nauyinsa kilo 62 ne, kuma abincinsa kaɗai yana ba shi abin da ya haura giram 80 a rana. Da muka duba barcinsa sai muka tarar ba ya wuce awa biyar, saboda waya ba ta barin hannunsa sai ƙarfe biyun dare. Ya yi mini alkawarin zai fara gyara wannan, kuma har yanzu ina bibiyarsa.