Baba Fasto, wane aiki ka riƙe, wanne ka saki?

Salama a gare ku bayin Ubangiji, fastoci da dattawan ikilisiya.

Kowa ya san shawarar Yetro, surukin Musa, a Fitowa 18. Ya iske Musa yana shari'a tun safe har yamma, ya ce masa wannan zai gajiyar da kai da jama'ar duka, ka naɗa shugabanni a kan dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin da goma-goma. Amma mukan tsallake aya 19 da 20. Kafin ya kai ga zancen naɗi, sai da ya ware wa Musa nasa: ya tsaya gaban Allah a madadin jama'a, ya koya musu hanyar da za su bi. Haka manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni 6 da gunaguni ya tashi kan rabon abincin gwauraye. An zaɓi mutum bakwai, har da Istifanas da Filibus, aka danƙa musu rabon, su kuwa suka riƙe addu'a da hidimar Maganar Allah.

A majami'u da yawa yau mun juya abin. Fasto ne ke kasuwa yana taya buhun siminti, makullin akwatin baiko yana aljihunsa, ma'aji kuwa yana zaune ba abin yi. Addu'a an bar wa Zumuntar Mata, Allah ya saka musu, da ba don su ba da wasu ikilisiyoyin sun bushe tuni. Wa'azin Lahadi sai daren Asabar a kwaso na wani daga intanet. Matar da aka binne mijinta makon jiya, an tura mata wakili da ambulan. Kuɗin ya isa, ta karɓa ta yi godiya, amma idonta na bakin ƙofa tana jiran makiyayinta ya shigo ya zauna kan tabarma, ya buɗe Littafi, ya yi addu'a da ita da marayunta.

Wanda ya fi nauyi shi ne tsawatarwa. Idan dattijo mai hannu da shuni ya faɗi cikin zunubi, sai a ce sakatare ya kai masa wasiƙa. Ubangiji Yesu ya ce a Matiyu 18:15 idan ɗan'uwanka ya yi laifi, ka je ka same shi, daga kai sai shi. Bulus bai aiki Barnaba wurin Bitrus ba a Antakiya, fuska da fuska ya gaya masa laifinsa.

Sai kuma gida. Eli firist ne, ya shugabanci Isra'ila shekara 40, amma 'ya'yansa Hofni da Finehas suna ɓarna a gidan Allah, ya sani bai hana su ba, hukunci ya sauka kan gidansa duka. Malamin makarantar Lahadi yana ganin ɗanka sa'a ɗaya a mako, Mama Fasto kuma tana iyakar ƙoƙarinta. Baba, ina roƙonka, ka miƙa wa kwamitin gini zancen siminti a makon nan, ka koma gida da wuri ka yi addu'ar dare da 'ya'yanka.